Farfaɗo da hannu

Farfaɗo da hannu wani reshe ne na aikin lafiya da ke kula da mutanen da rauni, ko cuta, ko tiyata ta rage wa amfanin hannu, tun daga kan yatsu har zuwa kafaɗa. Manufarsa ita ce mai jinya ya koma yin abin da ya saba yi da hannunsa: cin abinci, sa tufafi, rubutu, riƙe kayan sana'a. Mafi yawan masu wannan aiki sun fito ne daga fannin jinya ta hanyar ayyuka, wanda ma'aikatan asibiti ke kira okupeshonal tarapi, saura kuma daga fannin fisiyo, wato abin da aka fi sani da gashin ƙashi. Suna aiki tare da likitocin tiyatar hannu da na ƙashi, domin sau da yawa ɗinkin da likita ya yi cikin sa'a biyu ba ya cika amfani sai an bi shi da jinyar wata uku.

Suna

Har yanzu babu suna guda da aka tsayar wa wannan fanni a Hausa. A wasu rubuce-rubucen intanet ana cin karo da "maganin sana'a", wanda fassara ce ta kalma da kalma, kuma tana ɓatar da mai karatu. Kalmar asali ba sana'ar neman kuɗi kaɗai take nufi ba, tana nufin duk abin da mutum ke shagaltuwa da shi a yininsa, daga wanka zuwa wasan yara. Shi ya sa wannan maƙala ta zaɓi "jinya ta hanyar ayyuka".

Akwai wasu kalmomi biyu da ya kamata a warware. Ta farko ita ce "hannu". A Hausa kalmar ta haɗa tafi da sangali da damtse gaba ɗaya, alhali wasu harsuna suna raba tafin hannu da sauran. A nan Hausa ta fi dacewa da yadda aikin yake, domin ƙwararrun ba sa tsayawa a wuyan hannu. Ta biyu ita ce "jijiya", wadda ke ɗaukar abubuwa uku mabambanta: hanyar da jini ke bi, da zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, da kuma igiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi. Idan aka ce wa mai jinya "jijiyarka ta tsinke" ba a faɗa masa komai ba tukuna, tun da kowace daga cikin ukun jinyarta daban. A nan za a kira su jijiyar jini, da jijiyar saƙo, da agara.

Tarihi

An kafa ƙungiyar farko ta masu jinya ta hanyar ayyuka a 1917 a garin Clifton Springs da ke jihar New York ta Amurka. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai likitan ƙwaƙwalwa William Rush Dunton, da Eleanor Clarke Slagle, da George Barton, wani mai zanen gine-gine wanda shi kansa ya yi doguwar jinya. A wannan shekarar ce Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai rundunar sojanta ta ɗauki mata aiki domin su riƙa koya wa sojojin da suka ji rauni saƙa da sassaƙa da aikin fata, don hankalinsu ya kwanta, gaɓoɓinsu kuma su motsa.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya ware hannu ya zama fanni mai zaman kansa. Likitan tiyata Sterling Bunnell, mutumin San Francisco, ya wallafa babban littafinsa kan tiyatar hannu a 1944, kuma rundunar sojan Amurka ta ɗora masa alhakin kafa cibiyoyi tara na kula da raunin hannu. A waɗannan cibiyoyi ne aka ga ƙarara cewa tiyata mai kyau tana iya tashi a banza idan aka bar hannu ya ƙage bayanta. An kafa ƙungiyar likitocin tiyatar hannu ta Amurka a 1946, sannan a 1952 aka kafa tarayyar masu jinya ta hanyar ayyuka ta duniya, WFOT, a wani taro a Liverpool ta Ingila.

Wani tushen ilimin ya fito ne daga kuturta. Paul Brand, likita ɗan Birtaniya da ya fara aiki a Vellore ta kudancin Indiya a 1946, ya nuna cewa ba cutar ce ke cinye yatsun kutare kai tsaye ba. Cutar tana kashe jijiyar saƙo, sai mutum ya daina jin zafi, ya riƙa ƙonewa da yankewa bai sani ba, ciwon ya ruɓe, yatsa ya gajarce. Brand ya kuma ƙware wajen sauya wa agara mazauni domin miƙe yatsun da suka ƙanƙame, aikin da ke buƙatar a sake koya wa mai jinya yadda zai motsa yatsan. A 1966 ya koma asibitin kutare na Carville a jihar Louisiana, inda aka ci gaba da bunƙasa hanyoyin gwada ji a fata da ake amfani da su har yau.

An kafa ƙungiyar masu farfaɗo da hannu ta Amurka a 1977, mujallarta ta fara fita a 1987, aka kuma yi jarrabawar ƙwarewa ta farko a 1991.

Ginin hannu

Daga wuyan hannu zuwa kan yatsu akwai ƙasusuwa 27: takwas a wuyan hannu, biyar a tafi, 14 a yatsu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne manyan tsokokin da ke lanƙwasa yatsu ba a cikin yatsun suke ba. Suna can a sangalin hannu, suna jan yatsun ne ta dogayen igiyoyin agara, kamar yadda mahayi ke sarrafa doki da linzami. Kowane yatsa cikin huɗun yana da agara biyu masu lanƙwasa shi, babban yatsa yana da doguwa ɗaya. Duka taran suna ratsawa ta wani ƙunƙuntaccen rami a wuyan hannu tare da jijiyar saƙo guda. A cikin yatsa kuma agarar tana zamewa ne cikin wani kube mai santsi, da wasu zobba da ke riƙe ta kusa da ƙashi.

Jijiyoyin saƙo uku ne ke mulkin hannu. Ta tsakiya, wadda likitoci ke kira midiyan, ita ke ba da ji ga babban yatsa da manuniya da na tsakiya da rabin na zobe ta ɓangaren tafi. Ta gefen ƙaramin yatsa, wato alna, tana ba da ji ga ƙaramin yatsa da ɗaya rabin na zobe, kuma ita ke sarrafa yawancin ƙananan tsokokin tafi. Ita ce ke ba da wannan tartsatsin idan mutum ya bugi gwiwar hannunsa. Ta uku, radiyal, ita ke ɗaga wuyan hannu da miƙe yatsu, idan ta lalace sai hannun ya riƙa reto ƙasa.

Gwaji da awo

Zuwan farko yakan fara ne da hira. Wane hannu mutum ya fi amfani da shi? Mece ce sana'arsa? Me ya gagare shi tun da abin ya faru? Tela da ɗan dako za su iya zuwa da karaya iri ɗaya, amma abin da kowannensu ke nema daga hannunsa ba ɗaya ba ne.

Bayan hira sai awo. Ana auna lanƙwasar kowace gaɓa da ma'aunin kusurwa, a rubuta da digiri. Ƙarfin damƙa ana gwada shi da wata na'ura da ake matsewa, wadda aka fi sani da Jamar, a kwatanta da lafiyayyen hannun. Kumburi ana auna shi da tef, ko a tsoma hannu cikin mazubi cike da ruwa a auna ruwan da ya malalo. Don gwada ji akwai zaruruwan leda na Semmes da Weinstein, masu kauri daban-daban, waɗanda ake dangwala wa fata har su tanƙwara, mai jinya na rufe da ido yana faɗin inda ya ji. Akwai kuma gwajin tsini biyu: lafiyayyen kan yatsa yana iya rarrabe tsini biyu ko da tazararsu ba ta kai milimita 6 ba. Sannan akwai takardar tambayoyi ta DASH, wadda aka fitar a 1996, mai tambayoyi 30 kan ayyukan yau da kullum da raɗaɗi. Makinta daga 0 zuwa 100 ne, kuma yawan maki yana nuna yawan naƙasa.

Matokari

Aikin da ya fi bambanta mai farfaɗo da hannu da sauran ma'aikatan lafiya shi ne ƙera matokari, wato abin da ake ɗaura wa hannu domin ya tsaya a wani yanayi ko ya motsa iya wani mizani. Ana yin sa da wata roba mai kauri da ke laushi idan aka tsoma ta a ruwa mai zafin digiri 60 zuwa 70. Ma'aikacin zai zana siffar hannun a takarda, ya yanka robar, ya tausasa ta, ya ɗora a jikin mai jinya ya lailaya ta kafin ta huce ta ƙame cikin 'yan mintoci. Idan kumburi ya sabe, ko ana son canza kusurwa, sai a sake ɗumama ta a gyara.

Yanayin da ake ajiye hannu yana da ka'ida. Hannun da ya kumbura, idan aka bar shi, gaɓoɓin gindin yatsu sukan miƙe, na tsakiya da na ƙarshe su lanƙwashe, kuma idan ya ƙage a haka ba ya damƙar komai. Don haka ake juya lamarin: a ɗaga wuyan hannu digiri 20 zuwa 30, a lanƙwasa gindin yatsu digiri 70 zuwa 90, a miƙe sauran gaɓoɓin sarai, a buɗe babban yatsa daga tafi. A wannan yanayi igiyoyin gefen gaɓa suna zama a miƙe, ba sa samun damar tsukewa.

Wani misali da ke nuna irin haƙurin da aikin ke buƙata shi ne raunin da ke sa kan yatsa ya faɗi ya ƙi miƙewa, wanda yakan faru idan ƙwallo ta bugi kan yatsa. Maganinsa ɗan ƙaramin matokari ne da ke riƙe gaɓar ƙarshe a miƙe mako shida zuwa takwas, dare da rana. Idan aka cire don wanke hannu, kan yatsan ya faɗi ko da sau ɗaya, to an raba abin da ya fara haɗewa, sai a koma lissafi daga farko.

Tsinkewar agara

Babu inda ƙwarewar mai farfaɗo da hannu ke fitowa kamar bayan ɗinkin agarar da ke lanƙwasa yatsa. Wuƙa, ko fasasshiyar kwalba, ko gefen kwano na iya yanke ta ta wata 'yar kafa da ba ta kai faɗin farce ba, fatar ta warke, yatsan kuma ya tsaya a miƙe ya ƙi lanƙwasuwa.

Matsalar kamar gaba kura baya sayaki take. Idan aka ɗinke agarar aka hana yatsan motsi, tabo zai manne ta da kubenta, ta warke amma ba ta zamewa. Idan kuma aka ja ta da ƙarfi, ɗinkin ya tsinke. Abin ya fi tsanani a yankin da ya tashi daga layin tafi na kusa da yatsu zuwa tsakiyar yatsa, inda agara biyu ke cunkushe cikin kube ɗaya. Likitoci sun raba hannu shiyya biyar, wannan ita ce ta biyu. Bunnell ya kwatanta ta da filin da ke tsakanin ramukan mayaƙa biyu, wanda ba mai shigarsa ya fita lafiya, kuma shekaru da dama shawarar da ake bayarwa ita ce kada a ɗinke agara a nan take, a bari daga baya a yi dashe.

A 1967 Harold Kleinert da abokan aikinsa a Louisville ta jihar Kentucky suka ba da rahoton cewa ana iya ɗinkewa nan take a samu nasara. Tsarin da ya shahara da sunansa shi ne a ɗaura matokari a bayan hannu don hana yatsu miƙewa da yawa, a liƙa roba mai talewa a farce a ɗaure ta wajen wuyan hannu. Mai jinya zai miƙe yatsan da kansa, robar kuma ta dawo da shi, ta yadda agarar za ta zame ba tare da tsokarta ta ja ɗinkin ba. A 1975 Duran da Houser suka nuna cewa zamewar milimita 3 zuwa 5 ta isa ta hana mannewa, kuma ana iya samun ta idan aka riƙa lanƙwasa yatsan da ɗaya hannun. A 1989 likitoci a Belfast suka wallafa sakamakon barin mai jinya ya lanƙwasa yatsan da kansa a hankali tun kwanakin farko. Da aka ƙware wajen ɗinki mai zare huɗu ko shida, wanda ya fi na da ƙarfi, wannan tsari na ƙarshe ya yaɗu a asibitoci da yawa.

A yau akan fara motsa yatsan cikin kwana uku zuwa biyar bayan tiyata. Ana sa matokarin kusan mako shida, ana yin atisayen sau da yawa a yini, a wasu tsare-tsaren ma kowace sa'a. Wajen mako na takwas ake fara ƙarfafa damƙa, aiki mai nauyi kuwa sai mako na 12. Lokacin da ya fi haɗari ba ranar tiyata ba ce, makonnin farko ne, domin bakin agarar da aka ɗinke yakan yi laushi kafin ya fara ƙarfi. Daidai lokacin ne kuma ciwon waje ya rufe, zafi ya tafi, mai jinya ya ga kamar ya warke. Ya cire matokarin ya ɗauki bokiti, ko ya kai hannu ya cafke abin da ke faɗuwa, sai ya ji wani ɗan ƙas, yatsan ya daina lanƙwasuwa. Ɗinki na biyu ba ya kai na farko kyau. Saboda haka rabin aikin ma'aikacin a nan magana ce: ya fahimtar da mutumin da ke da iyali da ciyarwa dalilin da zai sa ya ajiye hannunsa wata uku saboda ciwon da shi ba ya gani.

Idan duk da haka agarar ta manne, akan jira wasu watanni sannan a sake tiyata a ɓanɓare tabon, a fara motsi washegari.

Raunin jijiyar saƙo

Jijiyar saƙo ba ta haɗewa ta ci gaba da aiki kamar wayar lantarki. Ɓangaren da ke gaban yankan yana mutuwa, sabbin zaruruwa su tsiro daga baya su bi tsohuwar hanya, da saurin kimanin milimita ɗaya a rana. Daga wuyan hannun babba zuwa kan yatsa akwai kusan santimita 18, ke nan wajen wata shida kafin ji ya isa can. Ana bin sawun tsiron ta hanyar ƙwanƙwasa hanyar jijiyar da yatsa, inda mai jinya ya ji tartsatsi nan ta iso. Likitan Faransa Jules Tinel ne ya bayyana wannan alama a 1915. Idan yankan yana can sama, kamar a kafaɗa bayan haɗarin babur, lissafin yakan yi muni, domin tsokar da ta shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba saƙo tana lalacewa ta yadda ba ta dawowa.

A tsawon wannan jira ma'aikacin yana hana gaɓoɓi ƙagewa, yana yin matokarin da zai maye gurbin tsokar da ta shanye, yana kuma koya wa mai jinya ya sa ido a madadin ji: ya duba hannunsa kullum, ya kiyayi tukunya da shayi mai zafi. Idan jin ya fara dawowa yakan zo a birkice, a taɓa manuniya mutum ya ji a na tsakiya, saboda zaruruwan ba duka suka koma mazauninsu ba. Sai a sake koya wa ƙwaƙwalwa: a taɓa abu ana kallo, a rufe ido a sake taɓawa, a ciro makulli ko tsabar kuɗi daga cikin kwanon shinkafa. Yara sun fi manya samun sauƙi nesa ba kusa ba.

Sauran matsaloli

Karayar da aka fi gani ita ce ta ƙarshen sangali kusa da wuyan hannu, wadda ke faruwa idan mutum ya faɗi ya dafa ƙasa. Likitan Dublin Abraham Colles ya bayyana ta a 1814. Bayan kusan mako shida a cikin siminti, ko bayan an sa ƙarfe, aikin shi ne dawo da juyawar hannu da ƙarfin damƙa. Tun hannun yana cikin simintin ake so yatsu da gwiwar hannu da kafaɗa su riƙa motsi, a kuma ɗaga hannun sama da ƙirji. Mutumin da ya rataye hannu a wuya wata guda yakan warke daga karaya ya koma jinyar kafaɗa.

Matsewar jijiyar tsakiya a ramin wuyan hannu tana sa yatsu su yi dindiris, musamman da dare. An fi ganinta ga mata, da masu juna biyu, da masu ciwon suga, kuma matakin farko shi ne matokarin dare mai riƙe wuyan hannu a miƙe. Akwai ciwon agarar gindin babban yatsa, wanda Fritz de Quervain ya bayyana a 1895, da ke yawan kama masu jego saboda ɗaukar jariri. Ga masu amosanin gaɓɓai, ana koya musu rarraba nauyi a manyan gaɓoɓi da ƙara wa cokali da alƙalami kauri.

Ƙuna tana da nata wahalar, domin tabonta yana ci gaba da tsukewa har shekara ɗaya ko fiye. Ana sa matokari tun kwanakin farko, daga baya a ɗinka safar hannu mai matsewa wadda ake sawa kusan sa'a 23 a rana. Yaron da ya dafa garwashi, idan aka naɗe hannunsa a dunƙule, yatsun na iya mannewa da tafi.

Masu shanyewar ɓarin jiki galibi wani reshe ne ke kula da su, amma hanyoyin suna haɗuwa. Akwai ɗaure lafiyayyen hannu don tilasta amfani da mai ciwon, dabarar da ta fito daga binciken Edward Taub, da kuma jinya da madubi, wadda V. S. Ramachandran ya fara gwadawa a shekarun 1990 ga waɗanda aka yanke wa hannu amma suna jin zafi a hannun da babu shi.

Ba duk abin da ake yi a ɗakin jinya ne yake da hujja mai ƙarfi ba. Bitar da cibiyar Cochrane ta yi kan karayar wuyan hannu ba ta samu isasshiyar shaidar da za ta fifita wata hanyar jinya a kan wata ba, kuma masu karaya mai sauƙi da yawa suna warkewa da atisayen gida idan an nuna musu da kyau.

Karatu da wurin aiki

Mai son wannan aiki sai ya fara da digiri a jinya ta hanyar ayyuka ko fisiyo. Ka'idar WFOT ita ce ɗalibi ya yi aƙalla sa'a 1,000 na koyon aiki da marasa lafiya. A Amurka, tun 2007, sai da digiri na biyu ake shiga fannin. Laƙabin ƙwarewa da aka fi sani shi ne CHT, wanda ake samu bayan shekara uku ana aiki, da sa'a 4,000 na jinyar hannu kai tsaye, da cin jarrabawa, kuma ana sabunta shi duk shekara biyar.

Yawancinsu suna aiki ne a sashen marasa lafiya masu zuwa su koma gida, ko asibitin ƙashi, ko sashen ƙuna. Zama da mai jinya yakan ɗauki rabin sa'a zuwa sa'a guda, fuska da fuska a kan ƙaramin tebur, mako bayan mako. Wannan kusanci yana sa su ji abin da likita ba ya ji: tsoron rasa aiki, kunyar tabo, mafarkin injin da ya kama hannu. Su ma aikin yana cin nasu hannun, domin ciwon gindin babban yatsa sananne ne ga masu yawan tausa tabo da yankan roba.

A Najeriya

Hukumar MRTB, wadda aka kafa da doka mai lamba 38 ta 1988, ita ke yi wa masu fisiyo da masu jinya ta hanyar ayyuka rajista a Najeriya. Ana koyar da fannin a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, da kuma makarantar gwamnatin tarayya da ke Oshodi a Legas. Masu wannan karatu kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da yawan jama'a, don haka a asibitoci da yawa masu fisiyo ne ke ɗaukar nauyin jinyar hannu. Manyan raunuka sukan ƙare a asibitocin koyarwa da asibitocin ƙashi na ƙasa, irin su na Dala a Kano, da Igbobi a Legas, da na Enugu. Robar matokari daga waje ake shigo da ita kuma tana da tsada, shi ya sa ake maye gurbinta da simintin ɗori, ko falankin alminiyam, ko bututun roba na ruwa da aka gasa aka baje.

Haɗarin babur, da injin niƙa da na markaɗe, da saran adda, da ƙunar wuta suna cikin abubuwan da ke kawo mutane. Kuturta ma ba ta ƙare ba, ana samun sababbin masu ita kowace shekara, ko da yake maganinta kyauta ne.

Mutane da yawa masu karaya wurin mai ɗori suke fara zuwa, saboda yana kusa, kuɗinsa da sauƙi, an kuma san shi. Karaya mai sauƙi takan haɗe a hannunsa. Haɗarin yana cikin ɗauri mai tsanani a kan hannun da ke kan kumbura, musamman ga yaron da ya faɗo daga bishiya ya karye a saman gwiwar hannu. Idan matsin ya hana jini isa ga tsoka, cikin kimanin sa'a shida ta fara mutuwa. Abin da ke biyo baya shi ne hannu ya ƙanƙame kamar ƙafar shaho, yanayin da likitan Jamus Richard von Volkmann ya bayyana a 1881, ko kuma ya ruɓe har a yanke shi. Alamomin su ne zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, da ihu idan aka miƙe yatsun, da dindiris, da yatsu su yi sanyi ko su canza launi. Wannan yana iya faruwa a cikin simintin asibiti ma, kuma a kowane hali abin yi shi ne a kwance ɗaurin a garzaya asibiti a wannan sa'ar, ba a jira gari ya waye ba.

Ma'aunan da aka tsara a Amurka da Kanada ba sa kama duk abin da hannu ke yi a nan. Takardar DASH tana tambaya kan yanka abinci da wuƙa da buɗe murfin kwalba, amma ba ta tambaya kan yin loma, ko alwala, ko ɗaura zani, ko goya yaro, ko daka. Haka kuma shawarar da aka saba bayarwa, cewa wanda hannun damansa ya naƙasa ya koma amfani da hagu, tana da nauyi a inda ake ci da gaisawa da miƙa abu da dama, ake kuma keɓe hagu don tsarki. A irin wannan hali ma'aikacin yakan yi ƙoƙarin ƙera maɗauri mai riƙe cokali a tafin dama, ko da yatsun ba sa damƙa, domin mutum ya iya zama cin abinci cikin jama'a.